Dare Biyu A Teburin Mai Shayi Na Ojoo

Jama'a, sai ku gafarce ni, makon jiya kun duba wannan fili ba ku gan ni ba. Tafiya ce ta kama ni zuwa Badun, babban birnin Jihar Oyo, na kuwa yi niyyar aiko da rubutu daga can, amma abin da na je nema ban same shi ba, wanda ban je nema ba shi ya riƙe ni har dare biyu. To, yau ga tsarabar na kawo muku. In ta yi daɗi ku gode wa mai shayi, in ba ta yi ba laifin nawa ne.

Mun isa Ojoo wajen ƙarfe 1 na dare, bayan mun wuni muna fama da hanya tun daga Kaduna, ta Mokwa da Jebba da Ilori da Ogbomosho da Oyo. Ga wanda bai san Badun ba, Ojoo ita ce ƙofarta ta arewa. A nan babbar hanyar da ta taso daga Ikko, wadda aka gama a 1978, ta zo ta sadu da wadda ta nufi ƙasarmu, saboda haka tirelar da ta ɗauko shanu ko albasa ko hatsi sai ta gai da Ojoo kafin ta san inda za ta sauke. Kasuwar Sasa tana nan kusa, Jami'ar Badun ma 'yar tafiya ce kaɗan. Ainihin unguwar Hausawa, watau Sabo, tana can cikin gari daura da Mokola, amma da birni ya bunƙasa, fatauci ya koma bisa motoci, sai jama'armu suka yi ta yaɗuwa ta wannan gefe. Yau in ka sauka Ojoo da dare, ka rufe ido ka kasa kunne, sai ka rantse a Unguwa Uku kake.

Da na sauko daga mota ba abin da nake so irin ruwan zafi. Na hangi wuta a gindin wani bango, na nufe ta. Tebur ne dogo da aka lulluɓe da leda, an jera gwangwanayen madara da na Bournvita bisa juna kamar ana ginin hasumiya, burodi a gefe guda, kiret ɗin ƙwai a ɗaya gefen, ga wata ƙatuwar tukunya tana tafasa, ƙamshin citta da kanumfari ya cika wurin. Benci uku ne suka kewaye teburin, ko wanne cike da mutane. Na yi sallama, aka amsa, ba wanda ya tambaye ni ko ni wane ne, sai kawai aka matsa aka ba ni wuri. Mai shayin, wani magidanci da harshensa ya nuna Basakkwace ne, ya dube ni ya ce, "Malam, da kauri ko ruwan bunu?" Na ce a yi mini da kauri. Ya haɗa, ya ɗaga kofi sama yana tsiyaya shi cikin wani, ya mayar, ya sake, ko ɗigo bai zuba ba, a lokacin kuma yana sauraron wani direba da ke ba shi saƙo, yana kuma juya ƙwai a kasko da ɗaya idon.

Bari in dakata da shayin nan tukuna in gaya muku abin da ya kai ni Badun.

Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya ci gishirin Badun ko bai taɓa zuwa ba. A nan aka kafa jami'ar farko ta Nijeriya a 1948, a cikinta Chinua Achebe ya yi karatu, da Wole Soyinka, da J. P. Clark, da Christopher Okigbo, da Flora Nwapa, da Mabel Segun. A nan aka fara buga mujallar adabi mai suna Black Orpheus a 1957. A nan manyan kamfanonin ɗab'i suka kafa hedkwatarsu, har ma ƙamus ɗin nan na Hausa zuwa Turanci na Paul Newman da Roxana Ma Newman, wanda ɗalibai da yawa suka tashi da shi, reshen kamfanin Oxford na Badun ne ya fito da shi a 1977. Amos Tutuola, wanda littafinsa na labarin wani mashayin bammi ya fito a Landan a 1952 ya girgiza Turawa, a Badun ya yi yawancin rayuwarsa ta aiki, a nan kuma ya rasu a 1997. Gari ne na alƙalami, ba shakka.

Cikin dukkan wannan tarihi, abin da ya fi jan hankalina tun ina makarantar koyon aikin jarida shi ne wani kulob da ake kira Mbari. An kafa shi a 1961 a unguwar kasuwar Dugbe, a harabar wani gidan abinci na mutanen Labanan, irin waɗanda muke kira Kwara. Wani Bajamushe malamin jami'a, Ulli Beier, shi ya yi ruwa ya yi tsaki, tare da su Soyinka da Clark da Okigbo da Ezekiel Mphahlele ɗan Afirka ta Kudu, da masu zane irin su Demas Nwoko da Uche Okeke. Achebe ne ya raɗa masa suna da harshen Ibo. Wuri ne na zama da hira da ci da sha, ana wasan kwaikwayo a tsakar gida, ana rataye zane-zane a bango, ana kuma buga littattafai. Littafin waƙoƙin Okigbo na farko daga nan ya fito a 1962, haka kuma labarin Alex La Guma na Afirka ta Kudu a wannan shekara, lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta toshe masa baki a gida. Wurin bai daɗe yana tashe ba. Wajen 1966 zuwa 1967 asiri ya tonu cewa ƙungiyar da ke ba irin waɗannan wurare gudummawa daga Faris tana karɓar kuɗi daga hukumar leƙen asirin Amurka, sa'an nan yaƙin basasa ya ɓarke, 'yan kulob suka watse, Okigbo ya mutu a fagen daga a 1967.

Na so in tsaya a inda waɗannan mutane suka zauna, in ɗauki hoto, in rubuto muku. Da gari ya waye na shiga Dugbe, na yi ta tambaya. Mai tasi ya ce ko sabon otel ne. Wani mai sayar da littattafan makaranta ya ce ya san sunan, amma bai san wuri ba ne, ya ɗauka sunan littafi ne. Wani dattijo ya nuna mini gabas, wani ya nuna yamma. Har la'asar ina yawo a ƙarƙashin inuwar Cocoa House, ƙafata ta yi tsami, na haƙura na koma Ojoo.

Abin da ya sa abin ya yi mini ciwo, watanni kaɗan kafin nan wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda yanzu yake ƙaro ilmi a Bradford ta Ingila, ya aiko mini da hotunan wani ƙauye da ke kusa da su mai suna Haworth. Ƙauye ne bisa tudu, da hanya guda mai gangare da aka shimfiɗe da duwatsu. A 1820 wani limamin coci, Patrick Brontë, ya tare can da iyalinsa, 'ya'yansa mata uku, Charlotte da Emily da Anne, suka tashi marubuta. A shekara guda, 1847, ko wacce ta fito da littafi, biyu daga ciki, Jane Eyre da Wuthering Heights, har gobe ana karanta su a duniya. Gidan da suka zauna an mai da shi gidan tarihi tun 1928. Mutane na zuwa daga ko ina, har ta kai allunan da ke nuna hanyoyin ƙafa a dajin da ke bayan ƙauyen an rubuta wasu da Japananci, saboda yawan baƙi daga Japan.

A saman gangaren nan, jikin coci, akwai wata tsohuwar mashaya mai suna Black Bull. Irin wannan gida shi ne zauren ƙauyen Bature. Ana sayar da giya da abinci, akwai murhu na jin ɗumi, sau da yawa da ɗakunan kwana na matafiya, a nan manomi da makiyayi da malamin makaranta suke haɗuwa da maraice su ji labarin gari. Abin da ya ɗaukaka wannan mashaya kuwa abin baƙin ciki ne. Marubutan nan suna da ɗan'uwa namiji guda, Branwell, wanda aka fi sa wa rai a gidan, mai zane ne, mai rubutu, amma ya mai da Black Bull gidansa na biyu. Giya da ƙwaya suka cinye shi, ciwon huhu ya ƙarasa, ya mutu a 1848 yana da shekara 31. Yau baƙi na shiga su zauna inda ya zauna, su ɗauki hoto, su biya kuɗi. Watau Bature ya iya adana ko da abin kunyar gidansa, ya kuma ci abinci da shi.

Kada mai karatu ya ce yau ɗan jarida ya zo yana yi wa gidan giya talla. Allah Ya kiyaye. Labarin Branwell kaɗai ya isa wa'azi. Kuma kada mu yi kamar ba mu san abin ba a ƙasarmu: da burkutu da bammi da gidajen da ke Sabon Gari duk an san su, marigayi Mamman Shata ma yana da waƙar da ya yi wa mashaya, wadda dattawa da yawa suka haddace suna musun sun sani. Abin da nake dubawa shi ne aikin da wurin yake yi wa jama'a, da kuma yadda jama'ar suka san darajarsa. A Ingila irin waɗannan gidaje suna ta rufewa shekara da shekaru, har a 2011 aka yi dokar da ta ba mutanen ƙauye ikon su sa a rubuta mashayarsu ko kantinsu cikin kadarorin da al'umma ke amfana da su, ta yadda in mai shi ya tashi sayarwa sai an jinkirta har wata 6 don jama'a su gwada tara kuɗi su saya. In kuwa ana son misali daga ƙasar Musulmi, ga gidan shayi na Fishawi a kasuwar Khan al-Khalili ta Alƙahira, daura da masallacin Sayyidina Husaini, wanda ɗalibanmu na Azhar suka sani sarai. Ya haura shekara 200 ana dafa shayi da gahawa a cikinsa. Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, shekara biyu bayan Soyinka, ya sha zama a can, mutanen unguwar su ne suka cika littattafansa. Ba giya a wurin, amma baƙi na tururuwa.

Da wannan tunani na koma bencin Ojoo a dare na biyu, raina a ɓace, ina cewa mu dai ba mu iya riƙe kome ba. Ina zaune ina kallon abin da ke gudana, sai a hankali na gane ashe a cikin abin da nake nema nake zaune.

Ku dubi abin da na gani cikin sa'a uku. Wani direba ya bar wa mai shayi ƙullin kuɗi da sunan wanda zai zo karɓa da asuba, ba takarda, ba shaida. Wani yaro da bai fi shekara 17 ba ya sauko daga bayan motar albasa da 'yar jakarsa, bai san kowa ba, aka tambaye shi garinsu, nan take aka aika a kira wani ɗan garin nasu mai sana'ar dako, kafin ya zo an ba yaron shayi da burodi, ba a ce ya biya ba. Aka yi cinikin kwandunan tumatir da ba su ma iso ba, suna can wajen Jebba. Aka sanar da rasuwar wani a Gusau, aka yi addu'a, aka zagaya da hula. Aka yi gardama mai zafi a kan farashin man fetur tun daga cire tallafi a watan Mayu na 2023, wadda ta gangara ta koma gardamar ƙwallo. Wani Bayarabe makanike ya zo ya zauna, ana yi masa ba'a da Yarabanci yana ramawa da Hausa. A ƙarƙashin teburin akwai wani littafi mai baƙin bango, duk ya sha maiƙo, na bashi ne, mai shayin ya ce akwai sunayen da suka shekara biyar a ciki bai soke ba, don mai shi zai iya dawowa. Gidan waya ke nan, da banki, da masauki, da ɗakin labarai, duk bisa tebur guda.

Wannan tsari ba yau aka fara shi ba. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Badun unguwar Sabo, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. Abu biyu suka riƙe unguwar, goro da shanu. Goro ya tashi daga kurmi ya nufi Arewa cikin huhu, shanu su gangaro kudu, wasu a jirgi wasu a ƙasa. Mai riƙe da akalar ciniki shi ne mai gida: falke ya sauka a gidansa, ya ci ya kwana, dillalan mai gida su sayar wa mahauta Yarbawa da shanun bashi, mai gida ya tsaya a kan cewa za a biya. Dubun-dubatar shanu a shekara, ba hatimi, ba lauya, sai amana da sanin wane ne wane. Sanin wane ne wane kuwa a wurin hira ake samunsa. Mahaucin da ya fara jinkirin biya, kafin gari ya waye duk zaure an ji.

Daga ina na san wannan? Abin kunya, daga littafin baƙo. Wani masani haifaffen Bagadaza, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya ƙirga gidaje, ya bi dillalai kara, ya fito da littafi a 1969 mai suna Custom and Politics in Urban Africa, wanda har yanzu ake koyar da shi a jami'o'in duniya. A ciki ya kawo yadda mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, da yadda a 1952 suka fara sallar Juma'a a unguwarsu. Shi a ganinsa duk wannan dabara ce ta tsare kasuwa, don Hausawa su zama tsintsiya guda kada a ƙwace musu cinikin goro da shanu. Ni ban yarda da shi gaba ɗaya ba, na kuma tabbata malamanmu ba za su yarda ba, gama mutum ba ya tashi tsakar dare yana wuridi saboda huhun goro. Amma dai shi ya zauna ya rubuta, mu ba mu rubuta ba, saboda haka maganarsa ce duniya ta sani a kanmu, da Turanci kuma, harshen da yawancin jikokin waɗanda ya rubuta labarinsu ba za su karanta shi da shi ba.

A ƙarshen benci akwai wani tsoho da na lura kowa na gaishe shi kafin ya zauna. Kofinsa daban ne, na tangaran, mai shayi ke ajiye masa. Na matsa na durƙusa na ce, "Baba, barka da dare." Ya ce, "Barka kadai, ɗana. Kai ne baƙon da aka ce ya wuni yana neman gidan Turawa a Dugbe?" Ashe labarina ya riga ni zuwa. Na ce ni ne. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce yana saurayi ya zo Badun, kafin a ba da mulkin kai da 'yan watanni, a ƙasa, yana bin garken wani falke. Ya ba ni sunayen zangon da suka yada ɗaya bayan ɗaya, da inda ake tsoron ƙudan tsando, da yadda ake tsallake Kwara a Jebba. Ya yi yaron gida a Sabo shekara goma sha, yana kai wa baƙi tuwo, yana raka dillalai karɓo bashi. Ya tuna wani farin mutum da ya riƙa bi gida gida da littafi yana tambaya, su samari suna gudu don sun ɗauka haraji ne. Na ce, "Baba, ai wannan mutum ya rubuta ku a littafi, duniya ta karanta." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, me ya ce mun ce?" Wallahi ban sami amsar da zan ba shi ba.

Daga nan ya gangaro kan abin da ya faru a Sasa a watan Fabrairu na 2021, muryarsa ta yi ƙasa. Masu karatu za su tuna: 'yar hatsaniya ce a kan kaya da suka zube a gaban wani shago, wani Bayarabe mai gyaran takalma ya rasa ransa, kafin a ankara wuta ta tashi, aka kashe mutane, aka ƙone shaguna da gidaje na ɓangarorin biyu. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwa ya sa dokar hana fita, gwamnonin Kebbi da Kano da Zamfara da Neja suka zo jaje, jama'a da yawa suka fake a fadar Sarkin Sasa, wasu suka hau mota ba su sake dawowa ba. Wannan duk an buga a jaridu. Abin da ba a buga ba shi ne abin da tsohon ya gaya mini, na maƙwabcinsa Bayarabe da ya ɓoye masa jikoki kwana biyu a ɗakin matarsa, da yadda teburin shayi ya zama wurin farko da aka sake zama tare bayan ƙura ta lafa, kowa na kallon kofinsa, har wani ya yi ƙarfin hali ya yi ba'a aka yi dariya. Irin wannan labari in ba a rubuta ba, abin da zai rage wa 'yan baya shi ne hoton wuta da adadin gawa, da shi kuma za su yi wa juna hukunci.

Lokaci kuwa ba ya jira. Sarkin Sasa, Alhaji Haruna Maiyasin, wanda ya ga Badun tun zamanin Turawa, Allah Ya yi masa rasuwa a 2025. Sa'o'in wannan tsoho na benci, in ji shi, ba su fi a ƙirga da yatsun hannu guda ba. Shi kansa teburin ba shi da tabbas. Mai shayin ya ce sau uku yana ƙaura cikin shekara goma: sau ɗaya an faɗaɗa hanya, sau ɗaya mai fili ya sayar, sau ɗaya kuma an wayi gari an ce masu tebur sun ɓata fuskar gari. Sukari da madara da burodi sun yi tsadar da wanda dā yake shan kauri yanzu ruwan bunu yake sha. Samari kuma sun rage zama, su karɓi indomi a leda su tafi gidan kallon ƙwallo, wanda ya zauna ma idonsa na kan waya. Dā rediyon mai shayi ita ce ke tara mutane, a saurari Kaduna, a saurari Landan, a yi sharhi. Yanzu kowa da tasa a aljihu.

Na san akwai masu cewa teburin mai shayi matattarar zaman banza ce, da gulma, da labarin ƙanzon kurege. Ba su yi ƙarya duka ba. Ni da kunnena na ji an kashe wani babban mutum a bencin nan, alhali yana nan da ransa, kuma jita-jitar da ke hura wutar rikici sau da yawa daga irin wannan wuri take tashi. Sa'an nan rabin jama'a ba su da kujera a wurin. Mata ba sa zama teburin shayi, tarihin matan Sabo da Ojoo, masu tuwo da masu fura da dillalai da masu adashi da suka aurar da 'ya'ya suka gina gidaje da cinikin cikin gida, yana can a tsakar gida, sai mace 'yar'uwarsu za ta iya ɗauko shi. Duk wanda ya ɗauka ya ji labarin unguwa don ya kwana a benci, rabi ya ji.

Kuma ba ina cewa a mai da Ojoo wurin yawon buɗe ido ba ne. Abokin nan nawa na Bradford ya ce a ranakun hutu Haworth ba ta shiguwa, shagunan tsaraba sun cika hanyar, wani lokaci sai ka rasa ɗan gari cikin masu ɗaukar hoto. Ranar da aka fara kawo baƙi cikin bas su kalli Bahaushe yana tsiyaya shayi, ranar direban nan zai daina barin ƙullin kuɗinsa, tsohon nan kuma zai koma gida da kofinsa. Abin da nake roƙo bai kai haka tsada ba.

Muna da sassan koyar da Hausa da tarihi a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, ko wace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da yawa suna maimaita abin da aka riga aka tatse. Me zai hana a turo wasu, maza da mata, su yi wata guda a Sabo da Ojoo da Sasa, da Shagamu da Agege, su ɗauki muryoyin dattawa, a rubuta da Hausa? Wurin ajiya ba ya wuya. Ga Gidan Arewa a Kaduna, ga Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Kenneth Dike ya assasa a 1954, wadda ofishinta na Badun yake cikin harabar jami'a, tafiyar 'yan mintoci daga wannan benci. Attajiran Sabo, 'yan canji da dillalan shanu, kuɗin da ɗayansu ke kashewa a bikin 'ya guda ya isa a fassara littafin Cohen a buga, don jikokin masu gida su karanta su ce nan ya yi daidai, nan ya kuskure. Hukumomi kuma, tun da an gina wa Ojoo sabuwar tashar mota, an kawo tashar jirgin ƙasa Moniya a 2021, in ana zana irin waɗannan wurare a riƙa tunawa da mai shayi, a ware masa 'yar rumfa da famfo da haya mai sauƙi, gama matafiyin da ya sauka ƙarfe 1 na dare shi zai nema. Mu ma 'yan jarida da laifinmu. Ba ma zuwa Sasa sai ta kama da wuta.

Ni dai na fara da abin da ke hannuna. Na roƙi tsohon izini, na kunna wayata na ajiye a gefen kofinsa. Ya gyara zama, ya gyara hula kamar mai shirin ɗaukar hoto, ya soma tun daga sunan kakansa. Mun yi minti 40, yana cikin ba ni labarin wani mai gida da mahauci ya gudu da kuɗin shanu talatin, ya sayar da gidansa guda ya biya falke, sai wayar ta mutu. Mai shayi ya karɓa zai sa mini a caji, aka duba, an ɗauke wuta.

Tsohon ya ce ba kome, dama barci ya fara ɗibarsa, sauran labarin yana nan in na dawo bayan Salla. Ya miƙa kofinsa aka ɗauraye aka ajiye masa a inda aka saba. Na tashi zan biya kuɗin shayina na dare biyu, mai shayi ya ce Baba ya riga ya ce a rubuta a shafinsa.